Zanen fuskokin manyan Amurka na farko da salon Rumawa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi in ana hirar hotunan su George Washington, shugaban ƙasar na farko, da sauran waɗanda suka kafa Amurka, wato hotunan da aka zana da hannu da fenti tun ba a san meye kyamara ba, daga wajen 1760 zuwa 1830. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai an yi haƙuri dan maganar ce take da tsawo.

Wai meye wannan salon niyokilasik ɗin da ake ta faɗa?

Salo ne na komawa a kwaikwayi mutanen Girka da Rum na zamanin da, a zane da sassaƙa da gini har da ɗinki. A Turai abin ya taso tsakiyar ƙarni na 18, kuma abinda ya hura wutar shi ne tonon da aka fara a Italiya, a 1738 aka fara haƙa garin Herculaneum, a 1748 kuma Pompeii, garuruwa biyu da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne tun shekara ta 79 miladiyya, toh kwatsam sai ga gidaje da gumaka da zanen bango sun fito fili mutane na gani da idonsu. Wani Bajamushe mai suna Winckelmann ya fitar da littafi a 1764 kan fasahar mutanen da, yana cewa asalin kyau yana cikin sauƙi da natsuwa. Dama kuma an fara gajiya da salon fadar Faransa mai yawan ƙyale-ƙyale da furanni da ruwan hoda, sai aka koma layi miƙaƙƙe, fuska a nitse, kala ba hayaniya. A Faransa Jacques-Louis David ne uban tafiyar.

To meye haɗin Amurka da Rum?

Siyasa ce zalla. Sun ayyana 'yancin kai a 1776, sun kori sarkin Ingila, toh yanzu da wa za su yi kama? Duk Turai kusan sarakuna ne, misali mafi girma da suka sani na ƙasa mara sarki shi ne jamhuriyar Rum, kuma da yawan manyan nasu sun karanta tarihinta a makaranta da Latin. Shi yasa suka ɗebo sunayen majalisar dattawa da na ginin majalisa daga can, gaggafar da ke tambarinsu ma haka, waɗanda suka rubuta maƙalolin kare tsarin mulki suka riƙa sa hannu da sunan wani Barume, Publius, Thomas Jefferson kuma, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na uku, ya tsara majalisar jihar Virginia a kan wani tsohon haikalin Rumawa da ke garin Nîmes a Faransa.

Akwai labarin Cincinnatus da suke matuƙar so, manomi ne da aka je aka same shi yana riƙe da garma aka ba shi mulki gaba ɗaya saboda yaƙi, ya gama yaƙin cikin kusan sati biyu ya ajiye mulkin ya koma gonarsa. Da Washington ya miƙa muƙaminsa na shugaban sojoji ranar 23 ga Disamba 1783 a Annapolis ya koma gida, shikenan sai aka ce ga Cincinnatus ɗinmu. Garin Cincinnati ma daga nan sunansa ya samo asali.

In na ga hoto ta yaya zan gane na wannan salon ne?

Bari mu ɗauki ɗaya mu duba shi da kyau, hoton Washington da ake kira Lansdowne wanda Gilbert Stuart ya zana a 1796, tsayinsa wajen ƙafa 8. Matsalar da ke gaban Stuart ita ce ba a taɓa zana shugaban ƙasa irin wannan ba, abinda masu zane suka iya shi ne sarki da kambi da alkyabba da sandar mulki, kuma a 1789 sai da majalisar dattawa ta yi ta muhawara ko a riƙa kiran shugaban Mai Martaba, daga baya aka watsar aka ce shugaban ƙasa kawai. A 1792 ma majalisa ta ƙi yarda a sa kan shugaba a jikin kwabo, wai al'adar sarakuna ce.

Toh sai Stuart ya ari tsayuwar sarakunan ya cire kayan sarautar. Washington na tsaye cikin baƙar kwat ta karammiski, ba lambar yabo ko ɗaya, ya miƙa hannun dama kamar mai jawabi a majalisar Rum, hannun hagu na kan takobi amma takobin na cikin kube kuma na ado ne. A bayansa ginshiƙai da jan labule. Ƙafar teburin an sassaƙa ta kamar damin sanduna da aka ɗaure waje guda, alamar iko ce a Rum, da 'yan gaggafa a samanta. Littattafai a kan tebur da ƙarƙashinsa, cikinsu har da tsarin mulki da dokokin ƙasa. Can sama ta dama ga bakan gizo, wato hadari ya wuce. Kuma fa babu wani ɗaki mai irin waɗannan ginshiƙan da ya tsaya a ciki, kayan sutudiyo ne, kamar yadda masu hoton da suke rataye labule mai zanen bene da jirgin sama yara su tsaya gaba ranar sallah.

Abin dariyar, wanda aka yi wa kyautar hoton Bature ne ɗan Ingila, Lansdowne, tsohon firaminista da aka yi sulhu da Amurka a zamaninsa, Sanata William Bingham da matarsa ne suka biya aka aika masa. A 2001 gidan hotunan ƙasa da ke Washington ya saye shi dala miliyan 20.

Kenan ba mayafin Rumawa suke yafawa ba?

An gwada, bai karɓu ba. Charles Willson Peale yana ɗalibi a Landan a 1768 ya zana William Pitt, ɗan majalisar Ingila da ke kare Amurkawa, cikin kayan Rumawa, hoton dai ga shi nan amma ba wanda zai ce maka ya yi kyau. Benjamin West ne ya karya abin a 1770 da ya zana mutuwar Janar Wolfe a yaƙin Quebec, ya sa sojojin cikin jan kakinsu na gaskiya duk da an ba shi shawara kar ya yi, Sarki George na uku da farko ya ƙi saye, da hoton ya yi suna sai ga shi yana neman a yi masa kwafi.

Da jihar Virginia ta ɗauko masassaƙin Faransa Houdon, ya zo har gidan Washington a Mount Vernon a Oktoban 1785 ya shafa masa filasta a fuska ya ɗauki siffarta, an tambayi Washington wane kaya yake so, ya nuna ya fi son na zamani, har ya ambaci West. Shi yasa mutum-mutumin da ke Richmond, babban birnin Virginia, yake cikin kakin soja, ga garma a baya ga damin sanduna 13 na jihohi 13, kuma in ka matsa kusa za ka ga maɓalli ɗaya ya ɓace a falmaran ɗinsa, ga ɗan tumbi ma ba a ɓoye ba.

Wanda bai ji wannan darasin ba shi ne Horatio Greenough. A 1841 aka kafa aikinsa a tsakiyar ginin majalisa, Washington zaune ƙirji a waje kamar gunkin Zeus, ya ɗaga hannu sama. Jama'a suka yi ta tsokana wai dattijo ya fito daga wanka yana neman kayansa, bayan shekara biyu aka fitar da shi waje.

A ina suka koyi zanen, akwai makaranta ne a Amurka?

Babu, sai 1805 aka kafa makarantar fasaha ta Pennsylvania a Philadelphia. Kafin nan makarantar ita ce gidan Benjamin West a Landan. Shi West haifaffen Pennsylvania ne a 1738, ya je Italiya a 1760, ya sauka Landan 1763 bai sake komawa gida ba, ya zama mai zanen tarihi na sarki, a 1792 kuma shugaban makarantar fasaha ta masarautar. Duk yaron da ya taso daga Amurka da buroshi a hannu gidansa yake nufa, Peale, Stuart, Trumbull, Sully, Morse, duk sun bi ta hannunsa, yana koya musu yana nema musu aiki. Ka duba fa, ana yaƙi tsakanin ƙasashen biyu, mai zanen sarki yana horar da yaran da za su zana waɗanda suka yi wa sarkin tawaye.

John Vanderlyn ne ya bi wata hanyar, ɗan siyasa Aaron Burr ya ɗauki nauyinsa ya tafi Faris a 1796, kuma in ana maganar salon tsantsa irin na David, mai santsi da ba ka ganin sawun buroshi, toh shi ne ya fi kowa kusa.

Copley fa, yana cikin wannan salon?

Rabi da rabi. John Singleton Copley a Boston ya taso, kusan shi ya koya wa kansa da taimakon mijin mahaifiyarsa da hotunan bugu da ake kawowa daga Ingila, bai ga Italiya ba sai yana da shekara 36. Amma abinda ya yi a Boston ya dace da ruhin zamanin tun kafin sunan ya iso. Hotonsa na Paul Revere na 1768 misali, maƙerin azurfa zaune cikin farar riga ba kwat ba hular gashi, ya tallafe haɓa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da butar shayi ta azurfa, kana ganin yatsunsa a jikin butar kamar madubi, kayan aikinsa a kan tebur. A lokacin ba haka ake zana mai mutunci ba, sai ya ci ado.

Siyasa ce ta fitar da shi. Surukinsa Richard Clarke na cikin 'yan kasuwar da aka aiko wa ganyen shayin da masu adawa da harajin Ingila suka zubar a teku a Boston a 1773, gari ya yi zafi, Copley ya fita a 1774 har ya mutu a Landan a 1815 bai dawo ba. Ni dai a ganina aikinsa na Boston ya fi na Landan rai, can ya ƙara gogewa amma wani abu ya ragu.

Da gaske ne hoton da ke jikin dala ɗaya ba a gama shi ba?

Da gaske ne. Martha Washington ce ta sa Stuart ya zana ta ita da mijinta a 1796, gogan naka ya gama fuskar ya ga ta fito yadda yake so, sai ya ƙi ƙarasawa, dan in ya gama dole ya miƙa. Ya ajiye abinsa yana kwafa yana sayarwa dala 100 kowanne, ya yi sama da 70, har yana kiransu takardun kuɗinsa na dala ɗari. Asalin hoton fuska ce da ɗan kafaɗa, sauran ƙyallen fayau. Bayan ya mutu ɗakin karatu na Boston Athenaeum ya saya, shi yasa ake kiransa hoton Athenaeum, kuma a jikin dala juya shi aka yi yana kallon ɗaya gefen.

Shi Stuart ɗin labarinsa daban ne. Ɗan mai niƙa tabar shaƙa ne daga Rhode Island, ya yi suna a Landan a 1782 da hoton wani mutum yana sulu a kan ƙanƙara, kuɗi na shigowa amma kashewar ta fi, bashi ya yi masa katutu ya tsere Dublin a 1787, can ma haka, a 1793 ya dawo Amurka da niyya ɗaya, ya zana Washington ya biya bashi. Ga shi da jan aiki, hoton Abigail Adams, matar shugaban ƙasa na biyu, da ya fara a 1800 sai 1815 aka karɓa, Jefferson ya zauna masa a 1805 sai 1821 ya ga hotonsa. Ya mutu a Boston a 1828 da bashi, kabarinsa ko alama ba a sa ba, 'yarsa Jane ce ta riƙe gidan da zane, galibi kwafin Washington ɗin dai.

Me yasa bakin Washington yake a kumbure haka?

Haƙoran aro ne. Lokacin da aka rantsar da shi a 1789 haƙori ɗaya ya rage masa. Kuma ba na katako ba ne kamar yadda ake yaɗawa, an yi su da hauren dorina da ƙarfe da haƙoran dabba da na mutane, da sifirin da ke tura su, sai ya danne muƙamuƙi kafin bakin ya rufu. Littafin kuɗinsa na 1784 ya nuna an biya wasu bayi kuɗin haƙora tara. Ga shi kuma ya tsani zaman zane, Stuart da ya shahara da iya jan mutum da hira har fuskarsa ta saki ya sha wuya da shi, sai in an taɓo maganar dawaki yake ɗan warwarewa.

Wanda ke son ganin fuskar kafin haƙoran su lalata ta ya nemi na Peale na 1772 ko aikin Houdon. Amma na Stuart ne ya ci kasuwa, har wani marubuci na lokacin ya yi shaguɓe cewa da Washington zai dawo duniya bai yi kama da hoton Stuart ba, da cewa za a yi sojan gona ne. Rembrandt Peale, ɗan Charles Willson Peale, ya yi ƙoƙarin ƙwace kambun a 1824, ya haɗa siffofi daban-daban ya sa fuskar cikin zagayen dutse da ganyen itacen oak da kan Jupiter, babban gunkin Rumawa, a sama, majalisa ta saya a 1832 kan dala 2,000, shi ma ya kwafa sama da 70, amma bai ture na Stuart ba.

Ba su da wani abin zanawa ne sai fuska?

Wannan shi ne ciwon da ke ran kusan dukkansu. A koyarwar Landan da Faris zanen tarihi ne sarki, yaƙe-yaƙe da labaran Rum da na Baibul, zanen fuska kuwa aikin neman abinci ne. Toh a Amurka wa zai sayi zanen tarihi? Ba fada, ba manyan gidajen sarauta, cocinsu ma musamman a yankin New England ba sa son hotuna a wurin ibada. Abinda ɗan kasuwa zai cire kuɗi ya biya shi ne fuskarsa da ta matarsa. Copley ya yi ƙorafi a wata wasiƙa cewa mutanensa suna ɗaukar zane kamar kowace sana'a, kafinta ko tela ko mai ɗinkin takalmi.

John Trumbull, mai ido ɗaya da ke gani, shi ya ɗan dace, shi ma bayan jira mai tsawo, a 1817 majalisa ta ba shi aikin hotuna huɗu kan dala 8,000 kowanne, ciki har da na gabatar da takardar 'yancin kai da ke bayan takardar dala biyu. Kuma ko shi ɗin in ka duba tarin fuskoki ne, ya yi shekaru yana bin mutanen gari-gari yana zana su, Jefferson ma a Faris ya same shi. Vanderlyn kuwa haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba, ya ci lambar zinare a Faris a 1808 zamanin Napoleon da hoton janar ɗin Rum Marius zaune a kangon Carthage, ya dawo gida da shi da wani na mace tsirara daga tatsuniyar Girka, mutanen New York suka kalla wasu suka tsuke fuska, ya gina wurin nuna hotuna ya yi asara, ya mutu a garinsu Kingston a 1852 ba ko sisi.

Talaka fa, shi ba shi da hoto kenan?

Akwai mataki-mataki. Ƙasa da babban hoton fenti akwai ƙaramin da ake yi a kan hauren giwa da fentin ruwa, wanda ake ratayawa a wuya ko a sa a aljihu, Edward Malbone ne gwaninsa. Akwai wani Bafaranshe Saint-Mémin da juyin juya halin ƙasarsu ya koro, yana da na'ura da ke bin layin fuska ta gefe, dala 25 namiji 35 mace, a ba ka zanen da farantin bugu da kwafi 12, fuskar ta gefe cikin zagaye sak irin ta kwabon Rumawa, wato salon ya sauko har kan matsakaicin mutum. Ƙasa da wannan sai yankan inuwa, a yanke siffar fuskarka a takarda a ɗora kan baƙi, 'yan kwabbai. A ƙauyuka kuma masu zane ne ke yawo gari-gari irin su Ammi Phillips, su sauka gidan mutum su zana iyalin duka su ƙara gaba.

Da me suke aikin?

Garin kala suke niƙawa da man linsid, wani man tsiro mai bushewa, a kan dutse, farin na dalma ne mai guba, sai su ɗura a 'yar mafitsarar alade su ɗaure, in za a yi aiki a huda a matsa. Tiyub ɗin fenti da muka sani sai 1841 aka ƙirƙiro, kuma mai zanen fuska ne ɗan Amurka ya yi shi, John Goffe Rand. Ƙyallen zane da kala yawanci daga Ingila ake kawowa, Stuart ma ya yi aiki da yawa a kan allon katako da ake karta masa layi-layi ya yi kamar saƙa.

Baƙaƙen fata suna ina a duk wannan?

Yawanci a gefe. Mutanen da ake zanawa da alamun 'yanci na Rum da yawansu suna da bayi, a Mount Vernon kaɗai akwai 317 a 1799. A hoton da Trumbull ya yi a 1780 William Lee, bawan da ya bi Washington duk tsawon yaƙin, yana baya riƙe da doki an naɗa masa rawani, ba dan haka yake sawa ba, al'adar zanen Turai ce kawai ta yi wa baƙin bara ado irin na gabas.

Amma akwai waɗanda suka riƙe kayan aikin da kansu. Moses Williams ya taso bawa a gidan Peale, 'ya'yan gidan da aka raɗa wa sunayen manyan masu zane, Raphaelle, Rembrandt, Rubens, Titian, an koya musu fenti, shi kuma aka ba shi na'urar yankan inuwa a gidan tarihin Peale, a shekarar farko aka yanka sama da 8,000, da kuɗin ya sayi gidansa bayan ya samu 'yanci. A Baltimore kuma akwai Joshua Johnson, baƙar fata na farko da aka sani ya riƙe zanen fuska a matsayin sana'a a Amurka, ya buga talla a jarida a 1798 yana cewa shi ya koya wa kansa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Yarrow Mamout. Bafulatani ne Musulmi daga Afirka ta Yamma, an sauke shi a Annapolis a 1752 yana saurayi, ya yi shekara 44 a bauta, aka 'yanta shi a 1796. Ya iya rubutun Larabci, da shi ya sa hannu a takarda. Yana yin bulo yana saƙa kwando, sau biyu yana tara kuɗi ya ba ɗan kasuwa ajiya su salwanta, a na uku ya sayi hannun jari a banki, ya kuma mallaki gida a Georgetown. Peale ya zo Washington zana Shugaba Monroe, sai ya ji labarin wani tsoho wai ya kusa shekara 140, a gaskiya tamanin da 'yan kai ne, ya je ya zana shi a 1819. Ya rubuta a littafinsa cewa ana yawan jin tsohon a titi yana yabon Allah, kuma ya gaya masa cin alade ba kyau, giya kuma ta fi muni. A hoton ba ginshiƙi ba labule, dattijo ne da hular saƙa da babbar kwat ta sanyi, idonsa a kanka yana ɗan murmushi, an ba shi tsakiyar ƙyallen shi kaɗai kamar yadda ake ba sanata. Yana gidan kayan fasaha na Philadelphia.

Mata fa?

A matsayin waɗanda ake zanawa, a jikinsu ma salon ya fi fitowa, daga wajen 1800 aka ajiye manyan riguna masu buɗewa aka koma farar yadi mara nauyi da ɗamara a ƙarƙashin ƙirji kamar gumakan Girka, duba hoton Dolley Madison, matar James Madison da ya zama shugaban ƙasa na huɗu, na Stuart na 1804. A matsayin masu zane kuma akwai Anna Claypoole Peale da ƙanwarta Sarah Miriam Peale, su ne mata na farko da makarantar Pennsylvania ta zaɓa mambobi a 1824, sai Sarah Goodridge da ta koya a wajen Stuart har ta zana shi kansa.

A cikinsu wa ya fi iyawa?

In fata ake magana da yadda jini ke gudu a kumatu, Stuart ne ba gardama, buroshinsa sakakke ne, shi yasa ma wasu ke cewa bai cika zama ɗan wannan salon ba, ya fi kama da 'yan Ingila irin su Reynolds. In kaya ne, siliki da katako da azurfa da hannun mutum, Copley. Peale bai kai su ba a fenti amma ya fi su ban sha'awa, mai ɗinkin sirdi ne tun farko, ya yi soja, ya buɗe gidan tarihi a 1786, ya tono ƙasusuwan wata dabba mai kama da giwa a 1801, kuma fuskokinsa ba sa yi wa mutum ƙarya sosai.

A ina ake ganinsu yanzu?

Gidan hotunan ƙasa da babban gidan fasaha na ƙasa duk a Washington, gidan fasaha na Boston dan Copley, Metropolitan a New York, Philadelphia dan iyalin Peale, jami'ar Yale dan Trumbull, wanda ya ba su hotunansa a 1831 kan su riƙa biyansa dala 1,000 duk shekara, kuma a ƙarƙashin gidan hotunan aka binne shi. Kusan dukkansu sun sa hotunan a intanet kyauta, za ka iya zuƙowa har ka ga tsagar fenti. Akwai kwafin Lansdowne a fadar White House, wanda Dolley Madison ta sa aka cire daga bango a 1814 kafin sojojin Ingila su banka wa gidan wuta.

Me ya kawo ƙarshen salon?

Abu biyu. Na farko ɗanɗano ya canja, daga 1820 zuwa sama mutane suka fi son taushi da shauƙi irin na Thomas Sully, wasu masu zanen kuma suka koma kan duwatsu da kogin Hudson. Na biyu kyamara, a 1839 Daguerre ya fito da hanyarsa a Faris, kuma cikin waɗanda suka fara kawo ta Amurka har da Samuel Morse, wanda asalinsa mai zanen fuska ne ɗalibin West, shi ya zana Lafayette, janar ɗin Faransa da ya taimaki Amurka a yaƙin 'yancin kai, ya nemi aikin zanen tarihi a majalisa aka hana shi a 1837, ya ajiye buroshi ya koma kan wayar tangaraho da ta yi aiki a 1844. Zuwa shekarun 1850 da kwata ɗin dala za ka samu hotonka, masu ƙananan hotunan hauren giwa da masu yawo ƙauye su suka fara rasa abinci.

John Quincy Adams, shugaban Amurka na shida, ya ratsa duk zangon, Copley ya zana shi a Landan a 1796 yana saurayi jakada, Stuart ya zana shi a 1818 yana sakataren harkokin waje, a 1843 kuma yana tsoho ya zauna gaban kyamara, wanda shi ne hoton kyamara mafi tsufa da ya rage na wani shugaban Amurka. Ya sake zama wasu a wannan shekarar, da aka nuna masa ya koma ya rubuta a littafinsa cewa dukkansu sun yi muni.